Waiwaye: Waɗanda Sanƙarau Ya Bari, da Tambayar da Ba a Yi Musu Ba

Bazarar 1996 ba ta da daɗin tunawa a ƙasar Kazaure. Jihar Jigawa ba ta cika shekara biyar da ƙirƙira ba, asibitocin da ta gada daga tsohuwar Jihar Kano ba su taka kara sun karya ba, sai ga sanƙarau ya sauko tare da zafi, ga ƙyanda, ga amai da gudawa, duk a lokaci guda. A faɗin Nijeriya sama da mutum 100,000 ne suka kamu da sanƙarau a wannan shekarar, fiye da 11,000 suka riga mu gidan gaskiya, mafi yawansu a Arewa. Labarin da ya fi yin amo daga baya shi ne na gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kusan 200 a Asibitin Zana na Kano, wanda aka yi ta shari'a a kansa har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009.

An ƙirga waɗanda suka rasu, an yi musu addu'a. Waɗanda suka tashi kuwa, aka ce alhamdu lillahi, aka mai da su gida. To amma sanƙarau ba ya cika tafiya hannu rabbana. Yana cinye jijiyar ji, yaro ya wayi gari kurma. Wani lokaci kuma ya taɓa ƙwaƙwalwa, ya bar yaro da sandararrun gaɓoɓi, ko farfaɗiya, ko harshen da ya ƙi juyawa. Yaran da suka tsira a wancan lokacin a Roni da Gwiwa da Babura yanzu duk sun haura talatin. Rayuwarsu ta rabu gida biyu, kuma a wannan rabuwar ne darasin yake.

Wanda cutar ta tsaya masa a kunne kaɗai, duk da rashin da ya yi, ya tarar da hanya a share. Ƙasar Hausa tana da maganar hannu tun kaka da kakanni, har da sarautar Sarkin Bebaye a Kano. Wata Bajamushiya masaniyar harsuna, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano a shekarun 1990, ta fitar da littafi a 2000 wanda ya nuna cewa maganar nan harshe ce cikakkiya mai ƙa'idojinta, ba wai nune-nune ba ne kawai. Abin da ya fi burge ni game da ita shi ne masu ji ma suna taɓawa. Je ka tashar Kazaure ka ga yadda mai shayi da ɗan kamasho suke ciniki da kurma, har da zolaya, babu mai neman tafinta. Ga makarantar Tudun Maliki a Kano tun 1977, inda ake koyar da irin maganar hannun da ta samo asali daga Amurka, wadda Andrew Foster, shi ma kurma ne, ya fara shigo da ita da makarantar da ya buɗe a Ibadan a 1960. Kurma a wajenmu yana aure, yana ɗinki, yana noma, yana rigima a kan bashi. Al'umma ta riga ta tanadar masa madadin baki.

Ɗayan fa? Wanda kunnensa garau yake, yana jin duk abin da ake faɗa, amma bakin ya ƙi, hannun ma da zai yi maganar hannu da shi ya ƙi? Shi ba wanda ya tanadar masa komai. Kuma ba sanƙarau kaɗai ke haifar da irinsa ba. Akwai jaririn da ya sha doguwar naƙuda bai yi kuka da wuri ba. Akwai wanda shawara ta kama shi a makon haihuwa, idanu suka yi ɗorawa, aka tsaya jiƙe-jiƙe har ta hau ƙwaƙwalwa. Akwai wanda zazzaɓin cizon sauro ya sa shi jijjiga ya suma kwana da kwanaki. Akwai yaron da jikinsa lafiya lau, amma ba ya kallon mutane, ba ya amsa kira, yana ta maimaita abu ɗaya. Sannan ga dattijon da hawan jini ya kayar, ɓarin dama ya shanye, magana ta tafi tare da shi, domin a mafi yawan mutane cibiyar magana tana ɓangaren hagu ne na ƙwaƙwalwa, shi ne kuma yake sarrafa daman jiki. Waɗannan mutane matsalarsu daban-daban ce, abin da zai taimaki kowannensu daban ne. Mu kuwa kuɗin goro muka yi musu. Aka shimfiɗa musu tabarma a inuwa, ana ba su abinci, ana yi musu wanka, ana kuma hirarsu a gabansu kamar ba sa nan.

Ba rashin tausayi ba ne. Duk wanda ya ga uwar da take goya yaro ɗan shekara goma zuwa asibiti ba zai zarge ta da sakaci ba. Abin da aka rasa shi ne wanda zai zauna ya bincika, a tsanake, me wannan mutumin yake fahimta, kuma wace gaɓa ce a jikinsa take yi masa biyayya.

Turawa ma sun daɗe a cikin wannan duhun, kada mu ɗauka mu kaɗai ne. Sai a 1971 wata malama, Shirley McNaughton, da abokan aikinta a wata cibiyar yara naƙasassu a Toronto ta ƙasar Kanada suka gwada ba yaran alamomin zane da wani Charles Bliss ya ƙirƙira don wata manufa daban. Yaran da aka yanke wa ƙauna suka fara nuna zane suna haɗa jimla. Duk da haka, shekaru da dama masana suna kafa sharaɗi: sai yaro ya ci wata jarrabawar basira kafin a ce ya cancanci allon magana. Wato sai ka nuna kana da hankali kafin a ba ka abin da za ka nuna hankalin da shi. A ƙarshen shekarun 1980 aka fara watsi da wannan tunani. David Beukelman da Pat Mirenda suka fito da tsarin da ya juya tambayar: a daina tambayar ko ya cancanta, a tambayi me tsaransa suke yi da shi ba ya iya shiga, kuma me ya tare masa hanya. Sau da yawa abin da ya tare hanyar ba a jikinsa yake ba, a wajen mutanen da ke kewaye da shi yake.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai daga nahiyarmu yake. Martin Pistorius ɗan Afirka ta Kudu ne, ya kwanta ciwo yana ɗan shekara 12, a hankali motsi ya tafi, magana ta tafi, likitoci suka ce babu sauran hankali. Bayan wasu shekaru hankalinsa ya dawo, amma jikin bai dawo ba, kuma ba wanda ya lura. Yana jin komai, yana gane komai. Wata mai kula da shi ce ta ga kamar idanunsa suna bin maganarta, ta matsa a kai shi a duba. A 2001 aka kai shi cibiyar da Jami'ar Pretoria ta kafa a 1990 musamman don irin wannan bincike. Me suka yi masa? Hotuna suka jera, suka ce kalli kaza, ya kalla. Kalli kaza, ya kalla. Shi ke nan. Mutumin da aka ajiye fiye da shekara goma ya koyi magana da kwamfuta, ya yi karatu, ya yi aure, ya rubuta littafi a 2011. Babu tiyata, babu allura. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Bahaushe, amma sai an sami mai tambayar.

To a ce yau an kawo irin wannan bincike wani gida a cikin duwatsun Roni, yaya zai kasance?

Ba da na'ura ake farawa ba. Da kunne da ido ake farawa, domin yaron da ake zargi da rashin fahimta wataƙila ruwa ne ya cika masa kunne, ko kuwa hoton da ake nuna masa ne ba ya gani. Sai zama. Yaron da ke kwance rigingine, kansa na rinjaya, duk ƙarfinsa ya tafi wajen riƙe wuya, ba zai nuna maka komai ba. A jingine shi, a tokare ƙugu da matashi, ƙafa ta taɓa ƙasa, sai ka ga hannun da aka ce matacce ne ya miƙe.

Daga nan sai babbar tambaya: yaya yake cewa e, yaya yake cewa a'a? A nan mai bincike ya kamata ya rufe jakarsa ya saurara, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kusan kowane gida da ke da irin wannan yaro akwai mutum ɗaya da ya san amsar, sai dai bai san cewa ilimi ne yake riƙe da shi ba. Kuma ba lalle ba ne uwar ta faɗa. In ɗan fari ne, kunya ba za ta bar ta ta zauna gaban baƙo tana yabon wayonsa ba, ko sunansa ma ba za ta kama ba. Sai a nemi kaka, ko yayar da take ba shi koko.

"Iya, in yana son abu yaya kike ganewa?"

"Ai ɗan nan, mai gidan nawa ba ya ɓoye fushi. In ba ya so, sai ya kau da kai ya turo baki. In yana so kuwa, ka ga girar nan? Ɗaga ta yake yi."

Wannan girar ita ce ƙofa. Masanin kimiyyar nan na Ingila, Stephen Hawking, da aka yi masa aiki a maƙogwaro a 1985 muryarsa ta tafi, da ɗaga gira ya fara: ana nuna masa haruffa a kati, in an zo kan wanda yake so ya ɗaga. Na'urar da duniya ta san shi da ita daga baya ta zo. Jean-Dominique Bauby, editan wata mujalla a Faransa, da fatar ido ɗaya ya shifta littafi sukutum, ana karanto masa haruffa yana ƙiftawa, aka buga shi a 1997. Aikin mai bincike shi ne ya tabbatar alamar da Iya ta faɗa tana nan daram: a yi tambayar da aka san amsarta, a juya ta, a sake yi da safe, a sake da yamma, wani ma ya yi ba Iya kaɗai ba.

Akwai tarko a nan wanda littattafan waje ba su san da shi ba. Yawancin gwaje-gwajensu sun dogara ga yaro ya kalli mai gwaji ido cikin ido. Mu kuwa tarbiyyarmu ita ce yaro ya sunkuyar da kai gaban babba. Yarinyar Gwiwa da aka kawo gaban baƙon namiji mai farar riga, ga mahaifinta a tsaye, ga maƙwabta sun cika ƙofa, ba za ta ɗaga ido ba ko da ta fi kowa fahimta. Balle a ce ta nuna hoton masai. In aka rubuta "ba ta amsawa" a takarda, an yi mata ƙazafi da biro. A kore 'yan kallo, a sa mace ta yi gwajin, a zauna ƙasa daidai da ita, a bar ƙanenta ya shiga wasan. Sannan a yi haƙuri da shiru. Mai irin wannan larura yana iya ɗaukar daƙiƙa goma ko fiye kafin saƙo ya taso daga ƙwaƙwalwa ya isa hannu, mu kuma ba mu iya jira ba, kafin ya motsa mun amsa masa.

Sai batun me za a nuna masa. Wani sai ainihin abin: a ɗaga kofi da cokali, ya zaɓa. Wani yana gane hoton da aka ɗauka da waya. Wani yana gane zane. Wani kuwa haruffa yake bukata, in ka ba shi hoto ka raina shi. Allunan da ake saukewa daga intanet cike suke da bahon wanka na Turawa, da cokali mai yatsu, da tuffa, da kare kwance a kan kujera. Yaron Babura me ya haɗa shi da su? A ɗauki hoton butarsu, da randarsu, da kwanon tuwonsa, da fura, da akuyar gidan, da babur ɗin kawunsa, a wanke a manne a kwali, a rufe da leda saboda yawu da ƙura. Kuma kada allon ya zama na ci da sha da bayan gida kawai, kamar mutum ciki ne zalla. A sa "ina kwana", a sa "lafiya lau", a sa "amin", a sa "ƙarya kake", a sa "bar ni". A ƙasar da gaisuwa ce sharaɗin zama mutum cikin mutane, wanda ya iya amsa gaisuwa ya fita daga sahun kayan ɗaki.

Dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye nasa binciken daban ne. Sau da yawa za ka ji ya kasa kiran sunan matarsa, amma in aka ja masa Fatiha sai ya bi har ƙarshe, ko ya ƙirga ɗaya zuwa goma tiryan-tiryan. Mutanen gida sai su ce ai ga shi yana magana in ya ga dama, ko su ce iska ce. Ba haka ba ne. Abin da aka haddace aka saba maimaitawa hanyarsa daban a ƙwaƙwalwa da maganar da mutum yake ƙirƙira nan take. Wani kuma lafazin ne kawai ya lalace, karatu da rubutu suna nan. A irin wannan hali, in mai bincike ya miƙa masa allon haruffan boko ya ga bai taɓuka komai ba, kada ya yi saurin yanke hukunci. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana rubuta allo, a gwada shi da baƙaƙen ajami mana. Maganar nan ba ƙarama ba ce, domin a bakin irin waɗannan dattawa ake neman wasiyya, da iyakar gona, da wanda ake bi bashi.

Wannan ya kawo mu ga haɗarin da ke ɗaya gefen, wato a sa wa mutum magana a baki. A farkon shekarun 1990 wata dabara ta yaɗu a Amurka, inda mataimaki yake riƙe hannun mai larura yana tallafa masa ya danna haruffa. Aka yi ta murna, yara suna rubuta waƙoƙi. Da aka yi gwaji, aka nuna wa yaron hoto ɗaya, mataimakin wani daban, sai abin da mataimakin ya gani ya riƙa fitowa a rubuce. Ba da gangan suke yi ba, son abin ne ya rinjayi hannunsu. Har iyaye aka kai kotu a kan zargin da yaran ba su taɓa yi ba. Saboda haka duk alamar da mutum ɗaya tak yake iya fassarawa, musamman in akwai gado a tsakani, sai an sa mata ido.

Iyaye kuma suna da nasu tsoron, kuma kullum shi ne tambayar farko: in aka saba masa da nuna hoto, ba zai yi ƙyuyar magana ba? An bincika wannan. Wani nazari da aka buga a 2006, wanda ya tattara gwaje-gwajen shekaru masu yawa, bai sami wanda maganarsa ta ragu saboda allo ba. Mafi yawansu ma ƙaruwa ta yi, ko da kaɗan ne.

Idan muka waiwayi abin da hukuma ta yi a tsawon shekarun nan, ba za a ce ba a yi komai ba. A 2007 gwamnatin Sule Lamido ta fara biyan naƙasassu alawus na naira 7,000 a wata, abin da ya sa aka riƙa misali da Jigawa. A 2011 jihar tana cikin na farko da aka yi wa sabon rigakafin sanƙarau, a 2024 kuma aka sake kawo wani mai kariya daga nau'i biyar na ƙwayar cutar, Nijeriya ce ƙasar farko da ta fara amfani da shi. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu bukata ta musamman wariya. Duk alheri ne. Sai dai salon taimakonmu na rabo ne: a tara jama'a a fili, a jera kekunan guragu da sanduna da kekunan ɗinki, a ɗauki hoto, a watse. Kayan magana ba sa rabuwa haka. Tela ba ya yanka yadi sai ya auna mai riga. In wata ƙungiya ta sauke kwamfutocin hannu ɗari a Kazaure gobe, ba tare da an gwada kowa ba, kafin damina rabi sun koma hannun yayye ana kallon fim, sauran suna cikin adaka babu caji. Ko muryar da ke ciki ma abin dubawa ce: yarinya 'yar shekara bakwai ta danna, muryar ƙaton Bature ta fito? Gara a ɗauki muryar wata tsararta da Hausar garinsu.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2022 ya ce mutum biliyan 2.5 ne suke bukatar wani kayan tallafi, kusan biliyan ɗaya kuma ba su samu ba. A Nijeriya kuwa, masu gyaran magana da suka yi rajista da hukumarsu, wadda aka kafa a 1988, a manyan birane suka taru. Mutumin Gwiwa in yana son a auna kunnen ɗansa da na'ura, sai ya kama hanyar Kano zuwa asibitin Malam Aminu Kano, ko ya zarce Kaduna cibiyar kunne ta ƙasa. Wannan tafiya ce ta yini guda da kuɗin buhu, kuma binciken da muke magana ba na yini guda ba ne. Ana gwada allo, a dawo bayan mako biyu a ga wane hoto ya yi datti saboda taɓawa, wane ne yake nan fes, a cire, a ƙara.

Shi ya sa nake ganin aikin na waɗanda suke kusa ne. Akwai makarantar ungozoma a Babura, akwai ta koyon aikin lafiya a Jahun, su ne suke yaye waɗanda za su zauna a ƙananan asibitocin ƙauye. Koya musu yadda ake gano e da a'a, da yadda ake zaunar da yaro, da lokacin da ya kamata a tura shi Kano, ba zai ci zangon karatu guda ba. Kazaure kuma tana da kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu da cibiyar koyon kwamfuta ta jiha, cike da ɗalibai masu neman aikin kammala karatu. Tara hotunan kayan gidan Bahaushe da naɗar muryoyin yara maza da mata a saka a ƙaramar waya aiki ne da ya fi ƙarfin a ce wasa, bai kuma fi ƙarfinsu ba.

Kafin a kai can, akwai abin da malamin asibiti zai iya farawa da shi ranar kasuwa mai zuwa. In aka kawo mara lafiyar da ba ya magana, ya tambayi wanda ya rako shi yadda yake nuna e da a'a, ya gwada da kansa sau uku ko huɗu, ya rubuta a saman katin inda na bayansa zai gani. Sannan ya juya ga mara lafiyar, ba ga ɗan rakiya ba, ya tambaye shi ko cikin ne yake ciwo.